Gwiwa a Minti na Ashirin da Shida

A Lund rana na rowa a watan Disamba,
ƙarfe uku na yamma ta naɗe tabarmarta.
Na jingine keke a bangon da ƙanƙara ta lasa,
na shiga ɗakin da ƙura ba ta da izinin shiga,
fararen kaya tun daga gashi har tafin ƙafa,
ido kaɗai aka bar mini a waje.

Sixten ya riga ni, kamar kullum.
Shekara talatin da ɗaya yana kiwon tandun nan,
tsohon tandu, da hannu ake lallashinsa.
Ya san tarinsa, ya san ranar da yake fushi.
Shi ya koya mini shuka:
ɓallin silikon da bai kai farcen babban yatsa ba,
a yayyafa masa ƙwayoyin zinare
waɗanda dubunsu a jere ba su cika kaurin gashi ba.
Iri ke nan.

Sai zafi.
Sai tururi ya bi ta kansu a hankali.
Zinaren ya narke, ya sha, ya sha,
har cikinsa ya ƙi karɓa,
sai ya sauke rarar a ƙarƙashinsa,
zarra na bin zarra a sahu, shimfiɗa kan shimfiɗa.
Abin da ya zubar shi ke ɗaga shi sama.
Haka wayar ke tsiro, siririya, da hular zinare a ka.
Ba ka jin komai sai gurnanin famfo.

A ɗakin maƙwabta Mirja na dafa nata lu'ulu'un a kwalba,
ƙanana su haska kore, in sun ƙara ƙiba su koma ja.
Ita ko da ido tana ganin amfanin gonarta.
Ni sai gobe.

Samfur na sittin da biyu na bar masa daren Laraba,
minti arba'in ne kawai, ya ce in tafi.

Da safe, a ƙarƙashin madubin lantarki,
daji ya bayyana a allo, toka-toka,
miliyoyin karare a tsaye, ba ganye, ba reshe.
Amma kowanne, a tsayi ɗaya,
ya yi gwiwa.
Dukansu.
Kamar an kira sunansu lokaci guda sun waiwaya,
sannan suka ci gaba da hawa.

Na auna, na raba tsayi da saurin girma.
Minti na ashirin da shida.
Rajistar tandu ta ba da shaida:
zafi ya faɗi, ya yi minti huɗu a ƙasa, ya dawo.

Na same shi wurin shan gahawa
yana marmasa burodin kirfa, bai kai baki ba.
Ban tambaya ba, shi ya fara.
"Daga asibitin Malmö aka kira, na fita na amsa.
Gunvor ta farka.
Kwana tara ba ta buɗe ido ba.
Ta nemi ruwa, ta nemi tabaranta,
ta ce wa ke ba kyanwa abinci."
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.
"Na ɓata miki samfur, Ylva."

Farfesa Hedlund ya duba hoton, ya ɗaga kafaɗa,
ya ce a zubar, a sake.
Na sake.
Na sittin da uku ya fito sambal kamar allurai,
shi zai shiga mujalla, da sunayenmu a jere.

Na sittin da biyu kuwa yana aljihun teburina,
cikin ƙaramin akwatin roba, kusa da makullin keke.
In ka buɗe ba za ka ga komai ba,
ɗan baƙin ɓalli ne mai ƙyalli.
Ni na san miliyan nawa ne a kansa
suka juya kai a minti guda,
lokacin da wata tsohuwa a Malmö ta nemi tabaranta.